Ambiriyaj Mai Cin Gefe Guda

Ran nan ina zaune a rumfata da ke daura da tashar Matameye, wasu samari ƴan kabu-kabu sun fake wa rana a inuwata, sai na ji ɗayansu yana cewa gyaran ambiriyaj ai ba aiki ba ne. Wai bulo huɗu ne, wato noti, za ka kwance, ka zare tsofaffin dis, ka zura sababbi, ka ɗaure, shi ke nan. Ya ce a salula ya gani, wani ya gama shi kafin shayi ya tafasa. Ban tanka masa ba, don bai yi ƙarya ba, bulon huɗu ne. Amma na ƙudura in na samu sarari zan rubuta abin da ke bayan bulon nan. Biro ban daɗe da fara riƙe shi ba, a ajin manya na koya. Kile kuwa, wato sifana, tun ina saurayi yake hannuna.

Ga wanda bai taɓa buɗe inji ba, ambiriyaj shi ne abin da mutanen Daura ke ce wa kuloci. Shi ke haɗa ƙarfin inji da ƙafar baya, shi ke raba su in ka matse hannun hagu. A ciki akwai wani kwano mai kunnuwa da muke kira kulosh. Cikin kwanon nan dis ne a jere, wannan mai fata, wancan ƙarfe zalla, an matse su wuri guda. Duk kayan nan suna zaune ne a kan sandan ƙarfe ɗaya, sunansa aks. In aks ya miƙe sak, komai yana juyawa lafiya. In ya karkace ko da kaurin farce ne, duk abin da ka ɗora masa sai ya ci shi.

Aikin farko da aka ba ni a Damagaram, a garejin maigidana Baba Ɗan Azumi, Allah ya jiƙansa, shi ne wankin matattun dis. Akwai wani tsohon daro da yake tara su. Duk wanda aka cire daga moto, wato babur, ba a yar da shi sai na wanke, na shanya, na kawo masa. Sai ya ɗauki ɗaya ya miƙo mini ya ce, “Isuhu, wa ya kashe wannan?” In na ce tsufa ne, sai ya ce in sake dubawa. Na daɗe a kan daron nan kafin a yarda in taɓa moton mutane, har na fara tunanin ko tsohon ya manta da ni ne. Ashe karatun ke nan. Dis ɗin da tsufa ya kashe yana siɗewa ne sannu a hankali, ya yi sumul, ba wari. Wanda mai tuƙi ya ƙona da riƙon hannu a cikin rairayi yana yin baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen gashi, na ƙarfen kuma su yi shuɗi zagaye. Wanda aka ja wa wayar hannun ambiriyaj ta yi tauri fiye da kima, shi ma haka yake ƙonewa, sai dai in ka taɓa hannun za ka ji babu sako-sako ko kaɗan. Kowace mutuwa da kamanninta.

Da zan bar wurinsa, abu uku ya ba ni. Akwai kile mai haƙori huɗu na kwance uwar ambiriyaj, wato ƙarfen tsakiya da dis ke zagaye da shi, wanda rashinsa ke sa mutane ɗaukar kurfi da guduma. Akwai guntun madubi mai kauri, a naɗe cikin tsumma, don ba abin da ya kai shi shafewa daidai. Sai tsinken ƙafar keke guda ɗaya da ya lanƙwasa wa baki. Na ƙara kayan aiki da yawa bayan nan, wasu sun ɓata, wasu an ara ba a maido ba. Waɗannan ukun ba na ba da aronsu.

Masu kawo mini aiki a nan yawancinsu rairayi da kaya ne ke kashe musu ambiriyaj. Mutum zai ɗora damin rake daga fadama, ya ɗora buhun gero, ya zaunar da ƙanensa a kai, sannan ya shiga hanyar Kurni inda ƙafa ke nutsewa. In moton ya fara kuka ba ya ja, sai ya zo ya ce in ɗan matse masa waya. Wani kuma ya riga ya cusa rondel, ƙananan zobban ƙarfe, a ƙarƙashin resor, wato sifirin, don su ƙara matsi, yana murna ya yi dabara, alhali kwana kawai ya ƙara wa gawa. Ba na faɗa da kowa. Nakan buɗe a gabansa, in sa masa dis ɗin a tafin hannu ya shinshina da kansa. Mutum yakan yi gardama da makanike, amma ban taɓa ganin mai gardama da hancinsa ba.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mummunar shekararmu. Kayan gyara da ke shigo mana daga Kano ta Ɗan Barto suka tsaya, ɗan abin da ke ɓullowa ta ɓarauniyar hanya kuma ya yi tsadar da ba ta talaka ba. Esansi, wato fetur, ya hau. Mutane suka daina kawo moto rumfa, kowa ya koma gyara a gida da abin da ya samu. Wasu abokan sana’ata suka rufe suka koma gona. Abin da ya riƙe ni shi ne wata ɗabi’a da a da ake yi mini dariya a kanta: duk injin da ya mutu aka ce ba ya tashi, ina saye in ajiye a bayan rumfa ƙarƙashin buhu. A shekarar nan matattun nan ne suka ciyar da gidana. Na kuma ɗaura jakar kayan aiki a bayan motona ina bin ƙauyuka, tun da aiki ya daina zuwa da ƙafarsa.

Aikin da nake son ba ku labarinsa, a cikin ƙwarya ya zo mini, a wannan shekarar. Ranar kasuwa ce, wata tsohuwa ta tsaya bakin rumfa ta yi sallama. Daga wani ƙauye take gaba da Kurni. Ta sauke ƙwarya daga kanta, ta buɗe faifai, sai ga tsofaffin dis a ciki kamar ƙuli-ƙuli.

Ta ce, “Ɗana, an ce mini kai kana duba a ƙarfe. To duba mini waɗannan.”

Na ce, “Inna, duba na malamai ne. Ni wanki na iya. Zauna ki huta.”

Ina wankewa tana ba ni labari. Ƴaƴanta maza biyu suke gida ɗaya, gandu ɗaya, tun rasuwar mahaifinsu. Babban shi ke riƙe da gona, ƙaramin, Rabe, shi ke kabu-kabu da moton da suka saya da kuɗin raken gidan. Sunan babban ba ta faɗa ba, ɗan fari ne, “wancan” kawai take cewa. Daga baya na ji Lawali ne. Moton ya ci dis har sau uku a ɗan tsakani, masu gyaran bakin hanya suna ta canjawa. Wancan ya ce gangancin Rabe ne, ya faɗa a gaban mutane a ƙofar masallaci, ya karɓe makulli, ya ce zai sayar da moton yadda yake. Rabe kuwa ya ce tun da ya zama maɓarnaci a gidan ubansa, zai bi abokinsa Nafi’u arewa haƙar zinariya. Motarsu za ta tashi daga tashar nan kasuwa mai zuwa.

Ta ce, “Waɗanda suka tafi can daga garinmu, wasu sun dawo, wasu labarinsu ne ya dawo. Wancan kuwa ka san ba zama zan yi in yi doguwar magana da shi ba. In yaron ne da laifi, ka gaya mini, in haƙura.”

Na ɗaga dis ɗaya na duba a rana. Gefe guda ya cinye har ƙarfe ya fito, ɗaya gefen fatarsa tana nan da sauran rai. Na ɗauki na biyu, haka. Na jera su duka a kan benci, duk haka suke.

Na ce, “Inna, ba zan yanke magana a kan moton da ban gani ba. Amma gobe in Allah ya kai mu ina nan tafe. Kada ki bari a sayar.”

Washegari da hantsi na isa. Moton yana cikin zaure, an rufe shi da tabarma. Lawali ya fito, ƙaƙƙarfan mutum ne mai damtsen noma, ba mai yawan magana ba. Ya gaishe ni da mutunci, amma fuskarsa ta nuna ba shi ya kira ni ba. Rabe yana tsugune a waje jikin katanga, bai shigo ba sai da na kira shi. Inna ta ɗauko kujerarta ta zauna a bakin ƙofar cikin gida, ta juya mana gefe tana tsince wake, kamar ba ruwanta.

Na sa aka share zauren aka yayyafa ruwa, don rairayi shi ne babban maƙiyin buɗaɗɗen inji. Na shimfiɗa buhu, na roƙi faranti biyu na zuba bulo. Kafin in kwance komai na taɓa hannun ambiriyaj. Sako-sakonsa daidai yake, ba a ja waya fiye da kima ba.

Na ce, “Rabe, in an sa sababbin dis, me kake ji?”

Ya ce, “Da farko yana ja lafiya. Amma hannun yana bugawa a yatsuna, kamar jijiyar mai zazzaɓi. Bitesi kuma, in na zo canja giya, ba ya shiga da daɗi.”

Lawali ya ce, “Yaya ba zai buga ba? Kullum yana matse da shi cikin rairayi kamar mai tatsar akuya.”

Rabe ya ce, “Yaya, kafin bana sau nawa na taɓa ƙona maka dis?”

“Da can kana tsoron Baba ne.”

Na ce su ba ni wuri in gani da idona. Na zubar da baƙin mai a kwano, na karkata shi wajen hasken ƙofa, sai ga shi yana ƙyalli da garin ƙarfe. Na cire murfin dama, na kwance bulon nan huɗu da samari ke raina wa, na zare dis. Irin na ƙwaryar Inna ne, gefe guda a cinye. Na ƙarfen na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan madubi ina danna baki da yatsa. Ba su yi shuɗi zagaye ba, tabo ne kawai a wuri guda. Kunnuwan kulosh na ɓangare ɗaya sun yi zarto, na ɗaya ɓangaren ba komai. Sai kuma wani abu da na gani a fuskar uwar ambiriyaj, na yi shiru da bakina: wata loɓawa ce mai faɗi, zagayayya, marar kaifi. Guduma ba ta barin irin wannan sawu.

A nan ne mai gaggawa ke faɗuwa. In ka ga ci gefe guda, abu biyu ne: ko rulma, zoben nan mai ƙwallaye da ke riƙe da aks, ya mutu, ko aks ɗin ne da kansa ya lanƙwashe. Ba a rantsuwa a kan ɗaya sai an gwada. Na zare kulosh, na kama bakin aks da yatsu na girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. Bai motsa ba. Rulma lafiya ke nan.

Na ce, “Inna, a taimaka mini da kwalli.”

Lawali ya dube ni. Ya ce, “Malam Isuhu, moton ne za a yi wa kwalliya?”

Na ce, “Amarya ce, yau za ta faɗi gaskiya.”

Inna ta miƙo tandu ba tare da ta juyo ba. Na kwaɓa kwallin da ɗigon mai, na shafe bakin aks da shi zagaye har ya yi baƙi. Na ɗaure tsinken keken nan a jikin inji da bulo ɗaya, na saita bakinsa yana dab da taɓa aks, kamar za a saka gashi tsakaninsu. Na ɗaga moton a kan ƙafarsa ta tsakiya, na sa bitesi. In an yi haka, juya ƙafar baya da hannu yana juya aks.

Na ce, “Lawali, kai ne mai ƙarfi. Juya mana ƙafar nan a hankali, idonka a kan tsinke.”

Ya durƙusa ya juya. Aks ya zo ya gogi tsinken, ya janye ya bar fili, ya sake zagayowa ya goga. Da muka tsaya, tsinken ya share kwalli a gefe guda ya bar farin layi, ɗaya gefen baƙinsa yana nan ba abin da ya taɓa shi. Na ce ya sake. Ya sake, a wuri ɗaya dai yake gogawa.

Na ɗauki kwalba na miƙa wa Rabe, na ce ya samo mini ɗan esansi na wanke kaya. Mai sayarwar yana can ƙarshen gari, na kuma san da haka. Da ya fita na zauna a kan buhu na goge hannu.

Na ce, “Lawali, kafin masu gyaran bakin hanya su sa hannu, wa ya fara buɗe injin nan?”

Bai ɓoye ba. Ya ce, “Ni ne. Farkon rufe iyaka, Rabe ya tafi biki Magarya, dis sun siɗe, na samo wasu a kasuwa. Na ce me zai sa in kai wa wani abin da idona ke gani? Har kwanon na ciro na wanke shi tas.”

“Da ka zo mayarwa, ya shiga da daɗi?”

“Ya ɗan yi gardama. Ya tsaya a rabi.” Sai ya ɗaga yatsa. “Amma ban sa masa ƙarfe ba, Malam Isuhu. Na sha jin ana cewa guduma tana ɓata inji. Kwantar da moton na yi a gefensa, na bi shi da itace.”

“Wane itace?”

“Taɓarya.”

Ya faɗe ta ne da alfahari, irin na mutumin da ya yi hattara. Kuma hattarar ya yi, iyakar saninsa. Uwar ambiriyaj tana da ƙananan haƙora a ciki, aks ma yana da nasa. In suka dace, da yatsa biyu ake turawa. In ba su dace ba, sai a ɗan juya a sake gwadawa. Shi kuwa ya ɗauka tauri ne irin na ƙotar fartanya, wanda duka ke gyarawa.

Na ce, “Taɓaryar nan, in ta sauka a kan gero, me take mai da shi?”

Ya ce, “Gari.”

“Kuma wannan a hannun mace ke nan. Kai da wannan damtsen, sau nawa ka sauke ta?”

Ya dubi farin layin da ke jikin aks, ya dubi loɓawar da na ajiye masa a gabansa a kan faranti. Ya kai babban yatsa ya shafa ta. Faɗinta daidai da kan taɓarya.

Na ce, “Hannun mai tuƙi in zai ƙona dis, ko’ina yake ƙonawa, ba ya zaɓen gefe. Waɗannan ko limamin garinku ne ke tuƙa moton da tasbaha a hannu, haka za su cinye.”

Daga can ya rage murya, ko da yake Inna tana jin komai. Ya ce, “Na riga na yi magana a gaban mutane. In ya dawo ka ce kayan bana ne ba su da kyau. Kowa ya san haka ne. Sai in ba shi makulli, magana ta wuce.”

Na ce, “Kayan bana suna da nasu laifin, amma wannan ba nasu ba ne. In na ce su ne, gobe sai a ce to me ya sa na wasu ba su ƙone haka ba, magana ta koma kan yaron. Ni abin da zan faɗa biyu ne: aks ya lanƙwashe, kuma tuƙi ba ya lanƙwasa aks. Abin da ya wuce nan ba aikin kile ba ne.”

Rabe ya dawo da kwalba. Na nuna masa layin kwalli, na sa shi ya juya ƙafar da kansa, na faɗi abu biyun nan kamar yadda na ce. Ya tsaya yana kallon tsinken.

Ya ce, “To me ya lanƙwasa shi? Ni ban taɓa faɗuwa da shi ta wannan gefen ba.”

Na sunkuya ina wanke bulo. Wake yana ta faɗawa ƙwaryar Inna. Sannan Lawali ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Taɓaryar Inna ce. Ni na daka shi, lokacin da kana Magarya.”

Rabe ya dubi wansa. Na ga dariya ta taso masa, ya danne ta da ƙyar, ya juya yana kallon bango. Inna kuwa ba ta ɗago kai daga wakenta ba. Da bango ita ma ta yi magana.

Ta ce, “Shi ya sa furata ta yi ta warin baƙin mai, har na ce yaran gidan nan ne ke wasa da turmi. Na sa an zane su a banza.”

A nan dariyar Rabe ta ƙwace. Lawali ma ya yi wani guntun murmushi yana sosa ƙeya. Amma makulli bai fito ba ran nan, Rabe kuma bai ce ya fasa tafiya ba. Moton ma ai bai tashi ba tukuna.

Canjin aks sai an raba inji biyu, kuma ba na yin wannan a zauren da kaji ke shiga. Na sauke injin na naɗe shi a buhu. Kashegari Lawali da kansa ya ɗoro shi a amalanken shanu, da gangar jikin moton, ya kawo Matameye. Sabon aks a lokacin ko a Damagaram ba a samu. Na shiga bayan rumfa na tono wani mataccen inji irinsa, wanda piston ya kashe amma cikinsa lafiya. Na ciro aks ɗinsa na wanke. Na ɗora shi a madubi na mirgina, ya tafi sumul ba haske a ƙarƙashinsa. Na ɗora nasu, yana tafiya yana ɗingishi, haske na leƙowa yana ɓacewa. Lawali yana tsaye yana kallo. Na canja kulosh da uwar ambiriyaj daga mataccen, na tsinto dis masu sauran rai na jiƙa su a mai. Da na zo mayar da uwar, na kira shi, na ce ya sa hannu. Ta tsaya a rabi kamar yadda ta yi masa. Na ce ya ɗan juya. Ya juya kaɗan, ta shige da kanta.

Ya ce, “Shi ke nan?”

Na ce, “Shi ke nan.”

Ana gobe kasuwa suka zo karɓa su biyu. Na tayar da moton, na zagaya da shi bayan tasha inda rairayi ya fi zurfi, na dawo. Hannun ya daina bugawa. Na kashe, na zare makulli na miƙa wa Lawali, don shi ya kawo aikin. Bai karɓa ba. Akwai mutanen ƙauyensu a rumfar, sun zo cin kasuwa tun da wuri, ya kuma ga suna nan.

Ya ce, “Ba mai shi. Ni gona na iya. Ɓarnar da aka yi wa moton nan ni na yi ta, ba shi ba.”

Rabe ya karɓa da hannu biyu. Ya goya wansa suka tafi, bai ce komai ba game da arewa.

Ranar kasuwa da safe motar arewa tana lodi a gabana, samari sun cika ta har bisa kaya. Sai ga Rabe a kan moton, Nafi’u a bayansa, jaka biyu a ɗaure. Na ajiye abin da ke hannuna na tsaya kallo. Ya kwance jakar farko ya miƙa sama. Ya kwance ta biyu, ita ma ya miƙa. Nafi’u ya hau ya miƙo masa hannu daga bisa. Rabe ya kama hannun, suka daɗe suna magana, sannan ya saki ya ja da baya. Daga baya na ji jaka ta biyun guzurin da ya haɗa wa kansa ne, ya bar wa abokinsa.

Motar ba ta gama fita daga tasha ba wata mata mai buhun gishiri ta ɗaga hannu tana kiran kabu-kabu, za ta Kurni. Ya ɗaure mata buhun, ta hau. Da ya zo daidai rumfata ya taka birki.

Ya ce, “Malam Isuhu, Inna tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka yanzu a ɗakinta taɓarya ke kwana.”

Na ce, “Ka ce ina amsawa. Kai kuma ka rage riƙon hannu a rairayi, ba na son ganinka nan kusa.”

Ya ce to. Ya saki hannun hagu a hankali, moton ya ɗauki shi da matar da gishirinta, suka miƙe hanyar Kurni.